Uwar Tsoffi ta ajiye aiki

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ofis. Kafin ta ajiye jaka sai ta bi kwamfutoci biyar da ke jere a kan benci ta kunna su, ta fara da mafi tsufa, don wannan sai ta yi minti goma tana nishi kafin ta farka. Haka ta yi shekara ashirin da shida. Abokan aiki suka raɗa mata Uwar Tsoffi, kuma ba yabo suke nufi ba.

Masu rubuta manhaja a saman bene sukan gama nasu, su tafa wa kansu, su miƙo mata. Manhajar ce ke karɓo sakamakon gwajin jini daga inji ta nuna wa ma'aikacin asibiti. Uwar Tsoffi ke haɗa ta ta zama abin da za a sauke a danna kawai. Sai dai wadda aka haɗa don kwamfuta mai tsarin Windows ba ta buɗewa a mai tsarin Linux, wadda aka haɗa a sabuwar Linux kuma takan nemi fayilolin da tsohuwa ba ta da su, ta tsaya cak. Ƙananan asibitoci arba'in ke jira, kowanne da irin kwamfutar da aka ba shi kyauta. Shi ya sa take haɗa kala biyar, ta gwada kowace a kan injinta.

Bara sabon shugaban sashe ya sauko da takarda: daga yanzu kala ɗaya za a riƙa fitarwa, ta sabbin kwamfutoci.

"Yaya, duniya ta wuce nan," in ji shi. "Wanda bai sabunta ba ya sabunta."

Direban ofis yana wurin, shi ya ba da labarin. Ba ta yi musu ba. Ta ja wa shugaban kujera gaban tsohuwar kwamfutar, ta ce ya saka sabuwar manhajar da hannunsa. Allo ya yi baƙi, ya fito da layi biyu na Turanci.

"Ranka ya daɗe, irin wannan ce a asibitoci goma sha ɗaya. Litinin mai ciki za ta zo gwajin jini. Kai za ka je ka karanta mata wannan, ko ni?"

Ya naɗe takardarsa ya hau sama. Duk wanda ya taɓa zama da matarsa a bencin asibiti ana ce musu su dawo gobe ya san abin da aka ceto a ranar.

Yaya, ke ce ba ki taɓa cewa "ai a tawa tana aiki" ba, amsar da masu digiri biyu ke wanke hannu da ita. Ke ce mai tuna na ƙarshen layi.

Da ranar ritayarta ta zo aka ba ta agogon bango, aka yi jawabai. Washegari sai ga ta bakwai da rabi. Ta ce ba inda za ta sai mutum biyu daga saman bene sun haɗa kala biyar ɗin da kansu, sun buɗe a gabanta. Sai da suka yi mako uku, suna gumi suna ƙunƙuni. Ranar da ta biyar ta buɗe, ta ɗauki jakarta ta tafi, asibitocin nan goma sha ɗaya kuwa ba su ma san an yi ba.

Mun gode, Yaya. Allah ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma da kuka gaji bencin, kafin ku tura wa mutane abu, ku sauko ku gwada shi a kan irin abin da ke hannunsu.