Fitilar ɗiyata da ciwon da muka ɓoye mata

Wa ya kamata in bi, mijina da ke kwance ko ɗiyata da ke nesa? Har yau ban sani ba. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, faɗi nake ana rubutawa.

Shekarun baya ɗiyata ta fari ta tafi ƙasar Turawa karatun haɗa magani. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa buga mata waya ba, kunyar 'yar fari. Ubanta ke hira da ita, ni ina gefe ina tsince wake, ina yi kamar ba na ji.

Wata rana ya ce, "Wai mi kike yi can?"

Ta ce, "Baba, abin da ke gina jiki cikin nama da wake ƙananan ƙwayoyi ne a jere kamar carbi. Muna zuba su a kwalba da ɗan sinadari, mu haska musu shuɗiyar fitila. Hasken ya tada sinadarin, shi kuma ya sauya ƙwaya guda, zaren bai tsinke ba. Haka ake neman sabon magani."

Ya ce, "Uwarki ta shekara arba'in tana shanya kuɓewa a rana, ba wanda ya ba ta takarda."

Saura mata wata guda ta kai aikin gaban malamanta, ciwo ya kada shi. Muka kai shi asibitin Konni, muka dawo gida Dogarawa, jiki sai baya yake. Ya hana a gaya mata. Ya ce shekara huɗu tana gadin kwalabe, ba shi zai ɓata mata ba. In ta kira, sai ya gyara murya ya yi ta barkwanci, in ya aje wayar zufa ta jiƙa shi.

Sau biyu ina ɗaukar wayar nan. Na san inda ake dannawa. Tsohuwa da ni, kunya da maganar miji suka riƙe mini hannu.

Ya rasu saura kwana huɗu ta kai aikin. Ƙannensa suka ce a ƙara haƙuri ta gama, na bi maganarsu. Ranar da ta ci jarrabawar, ta kira tana dariya tana neman Babanta. Ranar na fara yi mata magana a waya, rasuwarsa ce abin da na faɗa mata.

Ta zo ina cikin takaba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, "Inna, da kwalaben sun jira ni." Yanzu tana kira duk Juma'a, ta tambayi lafiyata, in ce lafiya lau, in ji ba ta yarda ba. Ba ta da dalilin yarda.

Kullum hantsi ya yi sai in tuna shi. Lokacin ne na kawo masa kunu, ya kasa sha. Ya kama bakin zanena ya ce, "In yarinyar nan ta kira, ki ce mata ina gona."