Malam Sada da Adireshin Shagon Taki

Da asubar ranar da ɗalibai ke dawowa daga hutu, na fito buɗe ƙofa na tarar da mutum zaune a kan akwatin ƙarfe yana jan carbi. Kusa da shi wata yarinya ce rungume da bokiti, ga katifa an naɗe an ɗaure da igiyar rama. Shekarata goma sha ɗaya ina gadin wannan makarantar kuɗi ta 'yan mata a Birnin Kudu, ban taɓa ganin wanda ya riga ni zuwa bakin ƙofata ba.

Malam Sada ke nan, daga Zandam ta ƙasar Gwaram. Manomin riɗi ne da gero, zai ba hamsin baya, dogo, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Bai taɓa shiga aji ba. Yarinyar autarsa ce, Na'ima. Ita ke karanta wa duk unguwarsu rubutun jikin kwalbar maganin feshi, shi ya sa yayyenta suka haɗa ƙarfi suka ce sai ta yi karatu mai kyau. Ta zauna jarrabawa ta ci.

Da aka buɗe ofis na raka su wajen Malama Bara'atu mai rajista. Ta duba takarda, ta ɗago kai ta dubi katifar.

"Baba, ai 'yarka jeka-ka-dawo aka ba ta, ba kwana ba."

"Ta je ta dawo ina? Zandam?"

"Ga fom ɗinka nan. Adireshin cikin gari aka rubuta."

Haka ne kuwa. Mutanen unguwarsu duk takardar da za su cika, adireshin shagon Alhaji Abdulsalami mai taki suke sawa, don ɗan garinsu ne kuma saƙo ba ya ɓata a hannunsa. Shagon kuwa ba komai ciki sai buhuna da warin magani, shi kansa iyalinsa suna Gwaram. Dokar makaranta ita ce 'yan nesa ake ba wurin kwana, kuma wuraren sun cika maƙil. Malama ta ce idan mako biyu ya wuce yarinya ba ta fara shiga aji ba, tare da samun wani babba a gari da zai sa hannu a kanta, za a ba wata gurbinta.

Malam Sada ya yi salati, ya sake yi. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki akwati ya fito da shi bakin ƙofa.

Matata ta karɓi yarinyar, amma ɗakinmu ɗaya ne mu bakwai, na gaya masa gaskiya ba zai ɗore ba. Shi kuma a masallacin layi yake kwana, da sassafe ya zo ya zauna a bencina.

A kwana na uku wata mata ta kawo kula ta ce a miƙa wa 'yarta ta ɗakin kwana. An hana, amma ana yi. Na ajiye kular a gefensa, ya ɗora hannu a kai.

"Malam Iliyasu, kunun nan da zafinsa."

"Na gani."

"Kuma a ƙafa ta zo. Daga wane ƙauyen?"

Matar nan na san gidanta, bayan katangarmu yake, idan an buga ƙararrawa tana ji. Shekara da shekaru ina karɓar kuloli ban taɓa tambayar kaina daga ina suke fitowa ba.

Muka koma wajen Malama Bara'atu. Ta jawo fayil ɗin 'yar mai kunun, an rubuta ƙauyen Surko. Ta jawo wani, Unguwar Ya. Ta yi ta jawowa har ta cire tabarau ta riƙe haɓa. Yara ashirin da bakwai, iyayensu na cikin gari, kowa ya rubuta ƙauyen kakansa don a ba shi wurin kwana. Wasu ko hanyar ƙauyen ba su sani ba.

"Innalillahi. Baba, kai ka rubuta birni, su sun rubuta ƙauye."

Shugabar makaranta ta ce abin ya ba ta mamaki ƙwarai, za a kafa kwamiti. Na san kwamitin wurin nan. Tun bara ake jiran wanda zai gyara famfon ƙofa.

Malam Sada bai jira ba. Ya ce in nuna masa gidajen, ya riƙa binsu ɗaya ɗaya yana sallama, yana roƙon a yi musanya: tasu ta dawo gida, tasa ta samu wurin kwana. Wani Alhaji ya ba shi ruwan sanyi da addu'a mai tsawo. Wani ya ce ya dawo gobe, goben ya ce ba ya nan. Ana cikin haka babban ɗansa ya bugo waya, riɗi ya nuna har ya fara fashewa, in ba a yanka a makon nan ba tsuntsaye za a yi wa noma. Ina jinsa ya ce, "Ku yanka abin da kuka iya," ya kashe wayar.

A kwana na sha ɗaya ya isa gidan mai kunun nan, Hajiya Safiyatu, ma'aikaciyar jinya. Na bi shi don in shaide shi.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba, ni na rubuta Surko da hannuna. Aikin dare nake yi, kuma 'yata Jannat in tana gida ba ta buɗe littafi. Ba zan fito da ita ba."

Ya miƙe yana neman takalminsa.

"Tsaya mana, ka cika sauri kamar mai bin mota. Ɗakinta na nan ba kowa. Ga mahaifiyata a gidan, ta ishe mu da surutu, ta samu abokiyar hira. Kawo yarinyar."

Ya fasa neman takalmin, ya koma ya zauna. Ni ma haka.

A ranar ta sa hannu a ofis. Ya kawo zancen abin da zai riƙa aikowa, ta ce in ya sake faɗa ta fasa. Bayan kwana biyu da safe Na'ima ta shiga aji, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika.

Bayan an yi ƙararrawa Malam Sada ya ari fartanyata bai ce me zai yi ba. Na leƙa ta kan katanga na hango shi a ƙofar gidan Hajiya, ya tuɓe riga yana nome ciyawar da ta toshe kwatar gidan tun farkon damina. Sai azahar ya gama. Ya kwashe ciyawar ya kai bola, ya wanke fartanyar ya jingine a bencina, ya nufi tasha.