Siraran Wayoyi Huɗu Zuwa Hannun Kaka

A ƙauyenmu da ke bayan Kafur, idan an gama cirar auduga, Kaka Saratu takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da zarar an ci tuwo, mu jikoki mu kewaye ta. Mazari na juyawa a hannunta, baki na zuba tatsuniya. Ni ta fi tsokana, wai maigidan da bai iya cefane ba sai cin ƙanzo.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta ya da ƙanwa da kogi ya raba. Yayar ta kaɗa dogon zare aka ƙetara da shi, kowacce ta ɗaura bakinsa a yatsa. Ja ɗaya, lafiya lau. Ja biyu, ina kewarki. Haka suka yi shekara da shekaru, har tsufa ya kashe yatsan ƙanwar, ta daina jin motsi. Muka ce to sai me? Kaka ta ce, "Sai me kuwa? Zaren bai tsinke ba. Yayar tana can tana ja." Ranar na yi fushi, na ce wannan rowa ce ba tatsuniya ba.

Yanzu ina gyaran kwamfuta a Funtua, Kaka kuwa ta kurumce gaba ɗaya. Ta iya karatu tun ajin mata na coci, amma rubutun takarda ya daina fito mata. Burina mu yi hira ko sau ɗaya kafin ta tafi, sai na ce haruffa masu haske za su yi. Na samo ɗan allo mai nuna rubutu, bai fi akwatin ashana biyu ba, na haɗa shi da kwamfutata da siraran wayoyi huɗu: biyu na wuta, ɗaya ta aikawa, ɗaya ta karɓa. Kwana biyu ina fama. Da farko na haɗa ta aikawa da ta aikawa, shiru. Na musanya su, sai allon ya cika da shirme, don kwamfutar ta fi shi sauri. Da na daidaita saurinsu, haruffa suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu bin hanyar gona. Na yi murna ƙwarai.

Ranar Lahadi bayan sujada na ɗora mata allon a tafin hannu, na rubuta: Kaka, maigidanki ne, ina kewarki. Ta kai shi daf da ido, ta juya shi, ta daɗe. Ashe yanar ido ta rufe mata gani ban sani ba.

"Wutar nan kyakkyawa ce," ta ce da ƙarfi, "amma ba zafi. Me ake dafawa da ita?"

Zuciyata ta karye, ban iya ko dariya ba. Har yau duk Lahadi nakan je in rubuta, ita ta riƙe hasken tana murmushi. Na san babu harafi ɗaya da ke isa gare ta. Sai yanzu na gane ba rowa ta yi mana ba, iyakar tatsuniyar ke nan. Wayoyin lafiyarsu ƙalau, ni kuma ina nan ina ja.