Canjin da Direbobi ke Bar wa Ma'aikatana

Edita, ina yi maka sallama. Akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi a raina, yau na ga gara in faɗe shi ko wani zai amfana.

A wancan lokacin ina da gidan abinci a Talata Mafara, kusa da tasha, kuma mutum ne ni mai ji da wayo. Ma'aikatana biyar ne, babbarsu wata dattijuwa daga Damri da duk muke kira Inna, ita ke tuƙa tuwo tun ranar da na buɗe wurin. Ranar kasuwa direbobi da 'yan kasuwa kan cika mana rumfa, da yawansu in sun ci sun ji daɗi sai su ce a riƙe canji. Ma'aikatan na tara wannan canji a wani gwangwanin madara da Inna ke ajiyewa kusa da murhu. Gwangwanin nan yana tsone mini ido, amma na rasa hujjar taɓa shi. Abin da ke sanyaya mini rai shi ne kullum bayan azahar Inna kan kawo mini kuɗin kwano takwas ko goma, ta ce na waje ne. Ina karɓa, ban taɓa tambayar su wa ke saye ba.

Hujjar da nake nema ta zo ne ta bakin wani taubashina da ke aiki a birni. Ya ji ina kuka da masu haraji, sai ya ce ai ya karanta a waya cewa a wata ƙasa, in mai gidan abinci ya rubuta kyautar da ake ba ma'aikatansa ya kai wa hukuma, ana rage masa haraji. Cikin tsokana ya faɗa, amma ni ban tsaya tambayar ko wace ƙasa ce ba. Washegari na sayi littafi, na tara ma'aikata na ce daga yau duk canjin da aka bari a kawo mini in rubuta, doka ce, kuma zan raba musu nan gaba. A raina kuwa na riga na gama lissafi: in ci kuɗin, in kuma ci rangwamen. Inna ta dube ni, ta miƙo gwangwanin.

Daga ranar nan cinikin na waje ya tsaya, na yi ta ƙorafin kasuwa ta lalace. Sai na lura ma'aikatan sun daina cin abincinsu na rana a gabana, sai su rufe kwanoninsu su zagaya baya da su. Na ce lallai sayarwa suke yi don su rama. Ina kallo Inna ta rame, zaninta ya yi mata yawa, wata rana har jiri ya kwashe ta a bakin tukunya. Na ce tsufa ne.

Bayan wata uku jami'in haraji ya zo, na ɗauko littafina da taƙama. Ya duba, ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce shi bai san da wannan rangwame a nan ba, kuma ko inda ake yinsa, wanda kuɗin suka isa hannun ma'aikatansa kuma ya biya haraji a kansu shi ake rage wa. Sai ya tambaye ni ko sun isa hannunsu. Kafin in haɗa ƙarya ya sa aka kira Inna. Wallahi na san kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta zubar mini da mutunci a tasha. Ta gaishe shi a natse, ta ce ajiya ce suka ba Alhaji, kuma ba su taɓa shakkar amanarsa ba. Ta juya ta koma kan tuwonta.

Na kasa zama. Da azahar ta yi na bi ta a baya har bayan katanga. A gindin dalbejiya na tarar da mata da ƙananan yara zaune, mutanen wajen Damaga da rashin zaman lafiya ya koro daga gidajensu, suna raba kwano biyar a tsakaninsu. A nan Inna ta gaya mini cewa su ne na waje. Shekara biyu canjin direbobi ke saya musu abinci a wurina, a kan cikakken farashi. Da na karɓe gwangwanin sai ma'aikatan suka yanke shawarar ba da nasu rabon. Na ce me ya hana ta faɗa mini, ta ce sun ji tsoron in kore matan in ce suna ɓata mini wuri. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na san da ta faɗa mini, da na kore su ɗin.

Na tsaya ina kallon tsohuwar nan. Mutane biyar da nake biyan abin da bai taka kara ya karya ba suna ciyar da gidaje da yunwar cikinsu, ni da na je Makka ina zargin su da sata. Na koma na haɗo kuɗin duka na damƙa mata ina neman gafara. Ba ta ko ƙirga ba. Ta mayar mini da su a hannu, ta ce in duba kwano nawa za su saya, don tun da aka karɓe gwangwanin yaran ba su ƙoshi ba.

Har yau in na tuna sai in ji na ƙanƙance. Na gane cewa Allah na da bayi a cikin masu wanke mana tukwane, mu ne ba mu da idon ganinsu. 'Yan uwana masu gidajen abinci, kada ku ɗauki dokar wata ƙasa daga waya ku mayar da ita hujjar son zuciya, ku je ku tambayi masu aikin. Canjin da aka bar wa ma'aikaci nasa ne, kuma ba ku san bakin da yake ciyarwa ba. Gwangwanin yana nan kusa da murhu, yanzu ni ma ina jefa nawa, kuma ban sake tambayar nawa ne a ciki ba.