Inna ba ta taɓa kiran sunana ba

Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Masu turo saƙo suna tambaya, lafiyata ƙalau. Inna ce ta rasu da daminar nan, kuma akwai abin da ban taɓa gaya muku ba.

Ni 'yar fari ce. A ƙauyenmu, can wajen Zakirai, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi. "Ke" nake a bakin Inna. Kakata ce abokiyar hirata, a ɗakinta na tashi.

Ina shekara sha biyar kaka ta rasu.

Abinci ya fara fita raina. Na daina zuwa islamiyya. Sai in tafi kai wa Baba fura gona, in zauna gindin ɗorawa ina kuka har furar ta yi tsami. Daga baya na fara jin zamana a duniya ba shi da amfani. Wannan tunanin ya tsorata ni ƙwarai.

An yi rubutu, an yi hayaƙi. Kawu Sale, ƙanen Inna mai koyarwa a firamare, shi ya ce a kai ni asibiti cikin birni.

Aka ɗebi jini, aka yi min tambayoyi kamar ranar jarrabawa. Likitar ta ce, "Ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Ba za mu kwantar da ke ba. Za ki riƙa zuwa sau uku a mako, safe zuwa azahar."

Lokacin kuɗin mota ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Akuyar Inna aka sayar.

A asibitin mu tara ne masu irin wannan ciwo, duk sa'anni. A zauna a zagaye, kowa ya faɗi yadda ya kwana, a koya mana jan numfashi, a duba magani. Ni da ko gaisuwa ke yi min nauyi, wai in yi bayani gaban 'yan birni!

Alhamis ranar iyaye ce. Nan ne abin ya fi yi min ciwo. Ina kallon wata uwa tana cewa "Zainabu, matso nan," in ji kamar in ƙwace ta. Ni kullum Kawu ne a gefena yana gyangyaɗi.

Likita ta ce mahaifiya take so. Da Kawu ya kai saƙo, Inna ta ce, "Ni? In zauna gaban jama'a ina zance da 'yar fari? Sale, ka rufa min asiri."

Na ji haushinta. Na ɗauka ba ta sona ne.

Mako na biyar sai ga ta ta riga mu fitowa bakin titi, da hijabinta na zuwa biki.

A ɗakin taron ta juya min ƙeya. Likita ta ce ta faɗi abin da ke ranta. Inna ta daɗe tana murza bakin hijabi, sannan ta ce, "Likita, ki gaya mata, tunda ta daina cin abinci ni ma tuwo ba ya wuce min."

"Ga ta nan, Mama. Gaya mata da kanki."

Ba ta iya ba. Hannu kawai ta miƙo ta baya, ta laluba ta kama yatsuna. Tafinta duk ya yi kanta, saboda daka. Ba ta sake ni ba har aka tashi.

Ba ranar na warke ba. Sai da na ƙarasa makonnin, na ci gaba da shan magani wata da watanni. Amma ranar na cinye tuwona.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Kawu, da likitar nan mai haƙuri, da Baba da bai taɓa cewa ya gaji ba.

Idan yaro ya daina ci, ya daina shiga mutane, kada a ce iskanci ne. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti. Kada a yanke magani don an ga sauƙi.

Iyaye mata, in an kira ku, ku je. Ko baki ya ƙi buɗuwa, ku je ku zauna.

Har Inna ta koma ga Allah ba ta ce "Hauwa" ba. Ina ta cewa wata rana za ta yi suɓul da baka. Yanzu wallahi ko "ke" ɗin nan na samu, da gudu zan amsa.