Na Ɗauki Fuska, Na Bar Ƙwallo

Shekarun baya, ba a fi shekara biyu da komawa mulkin farar hula ba, sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce a Agege. Ina da kyamara irin ta kafaɗa mai cin babban kaset, wadda in ka yini da ita sai an gasa maka wuya. A lokacin ji nake babu wanda ya kai ni. Na gane cewa mai biki ba taro yake son gani ba, kansa yake son gani. Saboda haka in na samu Alhaji, daga takalmi nake farawa, in hau kan agogo, in ƙare a fuska in daɗe a can.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, abokin mahaifina, Baba muke ce masa. Tun yana saurayi yake aiki a wani tsohon kulob na zamanin Turawa, yana gyaran filin wani wasa da yawancin mutanen unguwarmu ba su taɓa gani ba. Wasan ba wuyar faɗa: a mirgina ƙaramar farar ƙwallo a kan ciyawa ta je ta tsaya, sai 'yan wasa su riƙa mirgina nasu manya baƙaƙe, wanda tasa ta fi kusa da farar shi ya ci. Da kallo da gwaji bayan masu wasa sun watse Baba ya koya, har ya zama ba mai ja da shi a kulob ɗin. Mu dai a unguwa tsokanarsa muke yi, wai tsoho da furfura ya sa fararen kaya yana wasan yara.

Wata rana da hantsi kocin 'yan wasan kulob ɗin ya zo shagona. Mutumin kudancin Kaduna ne, tsohon soja, ba ya rabo da wani littafi mai baƙin bango. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce Baba ya fi shekara yana shan kaye a hannun waɗanda da ba sa iya tsayawa gabansa. Nan da mako uku za a yi wasan fidda gwani don zaɓen waɗanda za su wakilci kulob a wata gasa, kuma 'yan kwamiti sun gama magana: in Baba ya faɗi, an ajiye shi ke nan.

Ya buɗe littafin ya nuna mini. Kowane zagaye na kowane wasa ya zana shi, ga inda farar ta tsaya, ga inda ƙwallayen Baba suka tsaya. Ya ce, "In farar ta tsaya kusa, Baba na nan yadda na san shi. In ta yi nisa, sai ka ce wani mutum ne daban. Na duba hannu, na duba ƙafa, ban ga komai ba. Ran Asabar yana da wasan gwaji. Ka tsaya a ƙarshen fili, ka ɗauko fili gaba ɗaya, kada ka motsa. Ka ji ko?"

Na ce, "An gama, oga." A raina kuwa cewa nake, ni za a koya wa riƙon kyamara?

Ran Asabar na hau danfo, motar hayar Legas, da kayana na je. Minti goma na farko na yi biyayya. To amma wasan nan ba kiɗa, ba guɗa, ba mai liƙi, mutane na tafiya a hankali kamar masu zuwa gaisuwar mara lafiya. Sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Sabo turken wawa. Na juya na ɗauko shugaban kwamiti da agogonsa, na ɗauko wata mata mai faffaɗar hula, sannan na koma kan Baba. Duk sanda ya zo jifa sai in jawo shi kusa, fuskarsa ta cika gilashi, don ina so in ya gani ya ji daɗi. Na dawo gida ina yabon kaina.

Washegari da azahar koci ya zo shago, na tayar da janareta, na sa masa kaset. Bai yi minti ashirin yana kallo ba ya dafe kai.

"Mai bidiyo, ina ƙwallo? Ina ƙwallon ta je? Agogon ciyaman na aike ka ka ɗauko? Wannan ai biki ka yi mini!"

Na fara kame-kame, wai ai haka aikin ya fi kyau. Ya tashi ya ɗauki littafinsa, har ya kai bakin ƙofa, sai ya waiwayo ya tsaya. Fuskar Baba ce a talabijin. Ya ce, "Mayar baya." Na mayar. Ya dawo ya zauna, ya buɗe littafin a kan gwiwa, muka bi wasan zagaye bayan zagaye. Ni da na ɗauki bidiyon ban ga komai ba sai da ya sa mini yatsa. In littafi ya nuna farar na kusa, fuskar Baba a sake take. In ya nuna ta yi nisa, sai ya kanne idon hagu, ya miƙa wuya gaba, kuma ba tsakiyar fili yake duba ba, gefe yake duba. Koci kullum a bayansa yake tsayawa, shi ya sa bai taɓa ganin wannan ba.

Bayan la'asar na je na kira Baba. Ya zauna ya kalli kansa har zagaye huɗu. Can ya ce, "Kashe abin nan." Na kashe.

Koci ya ce a hankali, "Baba, tun yaushe?"

Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kai shekara biyu. In ta yi nisa ba na ganinta sam. Ƙafar alƙalin da ke tsaye a wajen nake duba in kintata."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In faɗa su ce tsoho ya ƙare? Ni da na shiga wurin nan da almakashin ciyawa? Ko uwar 'ya'yana ba ta sani ba." Sai ya juyo kaina. "Kai kuma ɗan nan, wa ya aike ka fuskata?"

Wallahi kunya ta kama ni, da tausayi. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa, ga shi na tona masa asiri ba da niyya ba.

Koci ya ce kaset ɗin ba zai fita daga shagon nan ba, kwamiti ba su da rabo a ciki, amma gobe da safe su biyu za su asibitin ido. Baba ya yi gardama kaɗan, ya bi. Likita ya ce abin bai kai ga aiki ba tukuna, tabarau ya rubuta masa. Kwanakin farko ma wasan nasa ƙara lalacewa ya yi, don hannun ya saba da kintace. Koci ya sa shi jifan nesa safe da yamma, yana rubutawa, har ƙwallayen suka fara taruwa wuri guda.

Ranar fidda gwani na je ba kyamara. Abokin karawarsa ya san lagonsa, duk sanda jifan farar ya faɗo hannunsa sai ya kai ta can ƙarshen fili. Suka yi ta jan juna har zagayen ƙarshe. Ƙwallon Baba ta ƙarshe ta tafi, ta lanƙwaso, ta kwanta jikin farar. Da ƙyar ya ci, amma ya ci, sunansa ya shiga cikin masu tafiya.

Har yau in na tuna, ba na iya cewa na yi abin kirki. Umarni aka ba ni na ƙi bi, Allah ya rufa asiri. Aikin na mai littafin ne, wanda ya shekara yana zane har ya san inda zai duba, da ba don shi ba da kaset ɗina shirme ne kawai. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda babba kan ɗauki ciwo shi kaɗai, muna gefensa muna tsokana ba mu sani ba.

A danfo muna komawa Agege na ce, "Baba, yau ka sha wuya."

Ya ce, "Wuya? Shekara biyu ina wasa da mutum biyu, ga abokin karawa, ga tsoron kada a gane ni. Yau da mutum ɗaya kawai na yi."