Kujerar da Sakatariya Ta Ajiye Wata Uku

Ranar Asabar ta farkon kowane wata, tun ƙarfe bakwai na safe Sakatariya take isa zauren ƙungiyar masu harkar talla, alhali taro sai goma. Ta buɗe tagogi, ta gwada lasifika, sannan ta zauna bakin tebur da almakashi da kwali tana rubuta sunayen masu zuwa, ta bi kujeru tana liƙawa. Shekara ashirin da uku ta yi tana wannan aiki kafin ta ajiye shi a watan jiya. Mu 'yan ƙungiya mun daɗe da manta ainihin sunanta. Sakatariya muke cewa, har jikokinta sun ɗauka.

Da yawanmu mun zaci tsabar son tsari ne. In ka sauya wuri don ka zauna kusa da abokinka, sai ga ta a kanka, tabarau a kan hanci. "Alhaji, ba nan na sa ka ba. Abokin naka ai kullum kuna tare." Ka tashi kana murmushin dole, kana cewa a ranka matar nan ta cika iko.

Ashe kiran da take yi mana a waya, wai tunin ranar taro, sauraronmu take yi. Mai sabulu ya yi mata ƙorafin cewa kayansa na da kyau amma kwalinsa na korar masu saye, ranar taro sai ya tsinci kansa gefen wata mai zanen kwali. Mai shirya tallan rediyo ya rasa murya mai daɗi, ta zaunar da shi kusa da wanda ke da ita. Masana kan zo su yi mana lacca, kuma muna ƙaruwa, amma yawancin alherin da muka samu a zauren nan lokacin shan shayi ya zo, daga mutumin da ke kujerar gefe.

Doka ɗaya take da ita: ba ta faɗa wa kowa dalilin wurin zamansa. Wani ya taɓa gano ta ya tambaya, ta ce, "In na nuna wa mutum wanda zai amfane shi, da rawar jiki zai zo, ya zubar da girmansa tun ba a gaisa ba. Gara su haɗu a matsayin abokan sana'a."

Dokar nan ta yi wa ɗaruruwanmu rana. Mutum ɗaya ta cuta, kuma shi ne ƙanenta.

Auta take ce masa, don ita ta raine shi. Mai ɗaukar hoto ne, kuma gwani: in ya ɗauki takalmi sai ka ji kamar ka zura ƙafa. Sai dai wayoyi masu kyamara sun cinye masa kasuwa, shagonsa ya koma wurin hira. Da kanta ta yi masa rajista a ƙungiya, amma ko sau ɗaya bai taka zauren ba.

"Yaya, taron naku na shan shayi da tafa hannu? In rufe shago ranar Asabar in je in saurari surutu?"

Ana haka manajan talla na wani kamfanin takalma ya ambata mata a waya cewa suna neman mai hoto na dindindin. Ta rubuta sunan Auta ta liƙa gefen nasa, ta kira shi.

"Auta, ka zo taron wannan watan."

"Akwai wani abu ne?"

"Ka dai zo."

Bai zo ba. Wata na biyu ma haka. A na uku ta daɗe riƙe da waya, maganar tana bakinta, ta haɗiye. Ta san halin ƙanenta, zuciya gare shi, tana tsoron ya ce ta je tana tallan halin da yake ciki. Kuma ta ga bai dace ta yi wa jininta abin da ba ta yi wa kowa ba. A wata na huɗu manaja ya ce lokaci ya ƙure musu. Ta cire sunan Auta, ta sa na wata mai hoto da ba ta taɓa fashin taro ba. Ita ta samu aikin, kuma ta cancanta. Kafin shekara ta zagayo Auta ya sayar da fitilunsa da kyamara, ya koma tsaron injin fotokofi a shagon wani.

Shekara shida ba ta faɗa wa kowa ba. Mu da ke cin moriyarta ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ke damunta, kuma wannan abin kunya ne a gare mu.

Ranar da muka yi mata taron ban kwana, Auta ne ya kawo ta, ya zauna can baya yana jiran a tashi. Manajan nan ya karɓi lasifika ya yabe ta, sannan cikin raha ya ce, "Sau ɗaya na ga lissafinta ya kuskure. Wata uku ina zaune gefen kujera ba kowa, ina neman mai hoto ido rufe, ga sunan mai hoto a jikinta. Har yau ina son in ga bawan Allahn nan." Ya faɗi sunan. Zaure ya ɗauki dariya, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Da aka watse tana ɓare takardun suna, Auta ya zo ya tsaya a gefenta.

"Yaya, kalma ɗaya fa. Da kin ce aiki ne, da gudu zan zo."

"Na sani yanzu," ta ce. "A lokacin na ɗauka 'ka zo' daga bakina ta ishe ka."

Sai ya fara tattara mata kujeru.

Sakatariya, ke ce kika haɗa mu da mutanen da suka ɗaga sana'armu, kika koma bakin ƙofa kamar ba ke ba. Ke ce kika riƙe gaskiya a ranar da ta fi yi miki ciwo. Mun gode, kuma ki yafe mana jinkirin godiyar. Allah ya saka miki da alheri, ya sanyaya miki zuciya.

Ku kuma abokan sana'a da ke zaune a shago kuna cewa taro ɓata lokaci ne, ku shiga ƙungiya, in an kira ku je. Ba kullum ake faɗa wa mutum abin da ke jiransa ba. Masu riƙe da ƙungiyoyi su koyi sauraro irin nata.

Asabar ɗin da ta wuce Auta ya zo taro da ƙafarsa, ba kyamara. Sabuwar sakatariya ta rasa inda za ta sa shi, ta kira tsohuwar a waya. Tsohuwar ta ce, "Nemo wanda ke bukatar ido irin nasa ki haɗa su. Amma 'yata, shi dai ki faɗa masa dalili."